Takalman da Baba ya hana a ɓoye

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka fita da mahaifina, Malam Isyaku, ta ƙofar zaurenmu na Limawa, aka kai shi makwancinsa. Duk shekara idan watan ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in dafa abinci in raba wa maƙwabta mu yi masa addu'a ba. Ban taɓa ɗaukar alƙalami a kansa ba. Bana dole ce ta sa, domin makon jiya wani mutum ya faɗo zauren nan a guje ya bar silifas ɗinsa a bakin ƙofa.

Baba malamin Tarihi ne. Ya daɗe yana koyarwa a sakandare a nan Dutse, har ya zama da wuya ka shiga ofis ko kasuwa ba ka tarar da wanda ya taɓa ja wa kunne ba. Da ya yi ritaya sai ya mayar da zaure ajinsa: buzu, rediyo, da duk wanda tsautsayi ya sa ya zauna. Abin da ya fi damunsa a tarihin duniya shi ne washegarin yaƙi. Yakan ce duk inda aka gama yaƙi, wanda ya ci shi ke kafa kotu, kuma bai taɓa karanta inda mai nasara ya zauna a bencin masu laifi ba. Yana da labaran 'ya'yan sarakuna da suka tsere daga su sai rigar jikinsu, wani ya ba su mafaka, suka dawo suka hau gado, suka cika kurkuku da mutane. Mu 'ya'yansa mun ji su har mun haddace. Inna kan leƙo ta ce, "Malam, tuwo na hucewa, a bar mutanen Rum su huta haka nan."

Ba a shiga zaurensa da takalmi. Wannan ba wani sabon abu ba ne, haka kowane gidan dattijo yake a garin nan. Bambancin kawai shi ne Baba ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ko mai muƙami ne ya tako tabarmarsa da takalmi, kallon ƙafar tasa zai yi ta yi, ba zai amsa sallama ba sai mutum ya gane da kansa ya koma baya.

Abin da nake son faɗa ya faru 'yan shekaru kafin rasuwarsa, washegarin sanar da sakamakon wani zaɓe. Ina gida lokacin, na zo wankan jegon ɗana na fari. Bayan azahar muka fara jin hayaniya daga bakin titi tana matsowa. Wani tsohon ɗalibin Baba ne ake kora, Habu, wanda ya tsaya wa ɓangare ɗaya a rumfar zaɓen unguwarmu, aka ce da hannunsa aka juya ƙuri'a. Ko ya yi ko bai yi ba, har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne ya tsallake katangu, ya ratsa lunguna, ya ba masu binsa rata, ya iso ƙofarmu ba wanda ya ga inda ya nufa. A nan ne ya yi wautar da sai ɗan garin nan zai yi ta. Ana binsa da sanduna, ransa a hannunsa, amma ya tsaya ya sunkuya ya tuɓe takalmansa, ya ajiye su a bakin ƙofa, sannan ya shiga. Da ya shige da abinsa a ƙafa, da taron ya wuce gidanmu bai waiwayo ba.

Inna ce ta fara hango takalman ta ƙofar ciki. Ta ce, "Malam, don Allah a ɗauke takalman nan kafin su iso."

Baba ya ce, "A bar su. In muka ɓoye su, mun ce yaron nan ɓarawo ne ke nan tun ba a tambaye shi ba."

Ya ja buzunsa zuwa bakin ƙofa ya zauna. Ni ina bayan labule da jariri a kafaɗa. Wanda ke gaban taron wani matashi ne mai acaɓa, Tasi'u, shi ma ya zauna a ajin Baba, ko da yake bai kai ƙarshe ba. Ya nuna takalman da sanda ya ce a fito musu da shi.

Baba ya ce, "Yana ciki, ba mu ɓoye shi ba. Duk mai magana da shi bismillah. Amma Tasi'u, ka san yadda ake shiga zauren nan."

Sai daga baya na gane abin da Baba ya yi musu. Kafin mutum ya tuɓe takalmi sai ya sunkuya. Kafin ya sunkuya sai ya ajiye sandarsa. In ya shiga sai ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida mai gida. Wanda ya yi duk wannan, da wuya ya miƙe ya rufe wani da duka a kan tabarmar. Shiga da takalmi a gaban malaminsu kuma ba wanda ya yarda ya zama na farko. Suka tsaya cirko-cirko a rana, na baya na tura na gaba. Da Tasi'u ya ga abin ya ƙi, sai ya kira Baba tsoho mai ɓoye ɓarayi, ya ɗauki dutse ya wurga. Dutsen ya daki jikin ƙofa dab da kunnen Baba, kuma gurbin yana nan har yau. Baba bai ko kauce ba. Aka kira la'asar, jikin mutane ya yi sanyi, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

A cikin turereniyar wani ya yi gaba da takalman Habu. Baba ya ba shi nasa, shi kuma Baban ya zura silifas ɗin alwala, ya taka da shi a ƙafa ta babban titi, yana gaisawa da kowa a hanya, har ƙofar gidan su Habu. Kowa a garin nan ya san ma'anar wannan. Wanda dattijo ya raka gida da rana kowa na gani, taɓa shi taɓa dattijon ne.

Yau Habu ya zama Alhaji Habu. Ɓangarensa ne ke sama, yana da muƙami, da motoci, da yara masu bin bayansa a babura. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba mugun mutum ba ne. Ya zo ta'aziyyar Baba ya yi kuka kamar ɗan cikinsa, kuma rijiyar burtsatsen da layinmu ke sha shi ya haƙa. Amma na ga yadda mulki ke canza wa mutum tafiya da kallo. Sau da yawa idan ina duba waya, na ga garuruwan da aka mayar kufai a wasu ƙasashe, na ji kowane ɓangare na lissafa zaluncin da aka yi wa kakanninsa, sai in tambayi kaina me Baba zai ce. Ina jin rage muryar rediyo zai yi, ya ce duk gaskiya suke faɗa, an zalunce su, amma shi abin da yake jira ya gani shi ne yadda za su yi ranar da wuyan abokin gaba ya shigo hannunsu. Ban taɓa zaton a ƙofar gidanmu zan ga amsar ba.

Tasi'u kuwa furfura ta fito masa, gwiwa ta hana shi acaɓa, facin taya yake yi a bakin titi. Bakin nasa ne kawai bai tsufa ba. Kwanan baya ya naɗi murya a waya yana kukan yadda aka raba rumfunan kasuwa. Da a nan ya tsaya da sauƙi, sai ya rufe da cewa wai su ne suka taɓa korar Alhaji har ya bar takalmansa. Kafin a ce me, muryar ta zaga gari, har 'yan Kiyawa na turo mana ita. Yaran Alhaji suka watsar masa da kayan aiki, suka shiga nemansa gida gida.

Da hantsi ya faɗo zaurenmu. Yayyena suna Kano, gidan daga ni sai Inna, wadda yanzu ba ta iya fitowa sai an riƙe ta. Na leƙo na ga silifas biyu da suka sha ɗinki a bakin ƙofa, na ga mai su a rakuɓe a lungu yana haki. Zuciyata ta tafasa. Mutumin da ya zagi ubana, ya jefe shi da dutse, shi ne yau ya rasa inda zai nufa duk faɗin Dutse sai zauren uban nawa. Na sunkuya zan ɗauki silifas ɗin, ni kaina ban san ko ɓoye su zan yi ko wurga masa su zan yi in ce ya fita ba. Sai na ji Inna daga ɗaki tana tambayar wa ya shigo. Na faɗa mata. Sai ta ce, "To, kada ki taɓa takalman."

Na zura hijabi na tsaya a bakin ƙofa. Ni ba Baba ba ce, ba wanda na taɓa koya wa Tarihi, malamar firamare ce kawai. Babura suka cika layin. Na duba fuskokinsu ban ga ko ɗaya da ya san Malam Isyaku ba, yawancinsu ba su yi wayo ba aka yi wancan zaɓen. Na faɗa musu abin da Baba ya faɗa, cewa yana ciki, mai son magana da shi ya tuɓe takalmi ya shigo. Wani dogo mai jan kambas ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, matsa mana," ya raɓa ta gefena ya tako tabarmar Baba da ƙafa ɗaya. A lokacin na san abin da ya tsare Habu a wancan karon ba zai tsare Tasi'u ba, kuma na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Sai mota ta tsaya. Alhaji Habu ya fito, fuska ba annuri. Ya dubi silifas ɗin, ya ɗaga kai ya dubi gurbin dutsen nan. Sannan ya ce wa mai jan kambas, "Kai, sauko daga tabarmar nan." Ya tattare babbar rigarsa, ya sunkuya da ƙyar, don jiki ya yi nauyi, ya tuɓe takalmansa ya ajiye kusa da na Tasi'u, ya yi sallama.

Bai ba Tasi'u hannu ba, ko kallonsa bai yi ba. Ya durƙusa ya gaida Inna ta ƙofar ciki, ya yi wa Baba addu'a. Da ya miƙe ya ce mini, "Malama Binta, na bar shi albarkacin zauren nan. Amma ai ba a zaure zai ƙare rayuwarsa ba."

Na gane abin da yake nufi, yaran da ke waje ma sun gane. Ban san inda na samo bakin ba, na ji kaina ina cewa, "Ranka ya daɗe, kai ma ba a zaure Baba ya bar ka ba. Har gida ya kai ka."

Ya kafe ni da ido. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata abin da ya fara gyaruwa, na tuna wa babban mutum ranar da ya fi ƙin tunawa, a gaban yaransa. Ya fita ya sa takalmansa, ya tsaya ya ba mu baya, direba ya buɗe masa ƙofar mota yana jira. Bai shiga ba. Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Tasi'u, sa takalminka."

A ƙafa suka tafi, Alhaji a gaba kaɗan, Tasi'u na ɗingishi a gefensa, motar na binsu a hankali, yaran na tura baburansu a baya. Waɗanda suka gani sun ce har ƙofar gidan Tasi'u ya kai shi.

Ban sani ba ko ya yafe masa. Ban ma sani ba ko ni na yafe. Tasi'u dai ya koma bakin titi yana facinsa, ba wanda ya sake taɓa shi. Littattafan Baba gara ta cinye rabinsu, rediyonsa ya daɗe da mutuwa, labaran mutanen Rum kuma ba na jin akwai ɗalibinsa da zai iya kawo ɗaya daidai. Abin da ya rage shi ne ƙofar da har yanzu wani mai iko yake sunkuyawa a gabanta, abin da Baba ya ce da wuya ya samu a duk tarihin da ya karanta. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Sai dai Alhaji Habu ya sunkuya ne don ya san mai zauren, kuma waɗanda suka san shi kullum raguwa suke yi. Sawun jan kambas ɗin nan yana nan a kan tabarma, na kasa sharewa. Na sa an binciko mini yaron, ashe gidansu ba nisa da mu, uwarsa ma mun sha haɗuwa a wajen biki. Na aika masa ya zo ranar Juma'a ya ci abincin sadakar Baba a zaure. In ya zo, zan tsaya a bakin ƙofa ba zan ce masa komai ba, in ga yadda zai yi da ƙafarsa.