Rakiyar Gauraka

Ko zan manta sunan garinmu, ba zan manta gaurakan da ya so ya raba ni da kakin aikina ba. Lokacin ina sabon ma'aikacin gandun daji a Gure, ina ji da kaina kamar ni na shuka dajin.

Wata ranar kasuwa muka kama wani mutum a hanyar Gamu da gauraka cikin buhu, zai ƙetara da shi Najeriya ya sayar. Tsuntsu ne da ƙasashe suka sa hannu kan cewa ba a kama shi, ba a sayarwa, ba a kiwonsa a gida. Ya galabaita, biro, wato ofishinmu, kuma babu keji, sai shef, shugabanmu, ya ce in tafi da shi gida har ya farfaɗo, babban shef zai zo daga Damagaram a sake shi a gabansa.

Na tarar Innata ta iso daga Tawa. Tana ganin tsuntsu a hammatata ta washe baki.

"Allah ya yi maka albarka. Wannan zakaran gwamnati ne? A kira mai yanka."

Da ƙyar na ƙwace wuƙar da ta ɗauko. Na zauna na yi mata bayanin doka, na ce shi fa baƙo ne, ƙasa da ƙasa yake yawo, kuma amana ne a hannuna. Ashe da bakina na jawo wa kaina. Inna ta ce, "To, baƙonka annabinka." Daga ranar ta ɗauki ɗawainiyarsa. Gero surfaffe, fara soyayya, ruwan randa mai sanyi. Ni ɗanta sai in dawo aiki in tarar da ɗumame, shi kuwa yana tsaye kan tabarmata yana gyara tukku. Wallahi na yi kishi da tsuntsu, ba zan ɓoye ba.

Ranar saki muka ɗunguma wani kwari mai ruwa a bayan lambunan dabino. Inna ta ce ƙafarta ƙafar baƙonta, ta shige bayan mota. Babban shef ya yi dogon jawabi da Faransanci, aka saita waya za a ɗauki hoto, na kwance igiyar da ke ƙafarsa. Gauraka ya dubi ruwa, ya dubi sama, ya taka a hankali ya je ya tsaya gefen zanen Inna.

Na tafa, na buga ƙafa, na kaɗa hula, har da kwaikwayon kukansa na yi a gaban manyana. Ko gezau. Babban shef ya cire tabarau ya dube ni.

"Kiwonsa ka yi? Ka san laifin da kuka kama wancan mutumin da shi ke nan?"

Na hango kaina ba kaki, ina komawa Tawa a bayan motar albasa.

Inna ta ja tsaki. "Ku da karatunku ba ku da ladabi. A ina aka taɓa korar baƙo da hula? Rakiya ake yi masa."

Ta gyara mayafi ta kama hanyar tudun rairayi, gauraka na biye da ita, mu kuma muna biye da gauraka, babban shef na haki yana zazzage yashi daga takalmi. A kan tudu ta tsaya, ta watsa masa ɗan gero daga bakin zane.

"To, baƙo raɓa ne. Ka gaida gida, ka gaida iyali. Abin da muka yi maka ba daidai ba, ka yafe."

Ta juya masa baya kamar yadda mai rakiya ke yi. Ya ɗan yi jim, ya yi taku biyu da gudu, ya buɗe fiffike ya tashi. Mai ɗaukar hoto ya shagala da kallo, bai ɗauki komai ba sai ƙeyar babban shef.

Ba a kore ni ba. Amma a mota na ga Inna tana share ido da gefen mayafi, ta ce yashi ne. Tun ranar na gane cewa doka igiya kawai take kwancewa, kafin baƙo ya tafi sai mai masauki ya yarda ya juya baya.