Gaisuwa ta Tagar Mota

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara juya wa mutane kai, ƙanen mahaifina ya samu kwangilar gina kwalbatoci a hanyar Kazaure. Baffa muke ce masa. Baba ne ya raine shi bayan rasuwar iyayensu, da noman gero ya kai shi makaranta, shi ya yi masa aure. Da abin duniya ya samu, sai Baffa ya koma Kano, ya sayo wata doguwar farar mota da babu irinta daga Gwiwa har Roni.

Ranar da ya fara kawo ta garinmu, 'yan unguwa suka yi mata zobe, shi kuma yana ta zuba bayani ta taga.

"Wannan ba ta da kuloci. Mai ne a cikinta yake juyawa tsakanin inji da ƙafafu. Birki kawai za ka taka, tana cikin giya, inji ba ya wahala, ba ta mutuwa. Ka ɗaga ƙafa, ta tafi da kanta."

Kowa ya ce ikon Allah. Ni abin da na lura da shi daban ne: har ya gama surutunsa bai fito ba.

Lokacin tsohuwar a-kori-kurarsa, kashe ta yake yi, ya fito, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Baba a dakali. Sabuwar ta sauwaƙe masa wannan duka. Sai ya tsaya a ƙofar gida, ƙafa a kan birki, inji na gurnani ƙasa-ƙasa, ya leƙo ya ce, "Yaya, barka da hutawa." Baba, da furfurarsa, shi zai taso ya zo bakin taga ya sunkuya.

Wata Juma'a a farkon damina, an gama shuka ana shirin noma, ya zo kamar yadda ya saba. Baba ya dafa ƙofar motar yana roƙonsa ya shigo ko fura ya sha. Baffa ya ce sauri yake, ya juya zai ɗauko kwalin sukari a kujerar baya. Ƙafarsa ta zame daga birki. Motar ba ta yi gudu ba, silalowa ta yi a hankali, tayar baya ta hau ƙafar Baba ta dama. Na ji ƙarar ƙashin daga zaure.

Baba ya faɗi yana salati. Abin da ya fara fita daga bakin Baffa, har yau in na tuna shi jinina tafasa yake yi.

"Yaya, ai haka take, da kanta take tafiya! Me ya sa ka matso sosai?"

Me ya sa ya matso! To da daga ina zai amsa gaisuwar?

Ba zan yi masa ƙarya ba, shi ya kai Baba asibitin Kazaure. Amma ƙafar ta warke a karkace. Mutumin da ake neman sa a kowace gayya bai sake riƙe garma ba. Ranar da abin ya faru na ɗauko taɓarya na ce sai na farfasa gilasan motar, Baba ya daka mini tsawa.

"Kul! Ƙanena ne. Ajiye ta ka ba ni wuri."

Na ajiye, don ban isa ba. Na yi zaton aƙalla Baffa zai ji kunya ya gyara. Ina! Bayan sallah ya dawo, ya tsaya a wurin nan dai, ƙafa a kan birki. Ina kallo Baba ya laluba sandarsa, ya miƙe da ƙyar, ya ɗingisa har bakin taga. Wannan karon sai dai ya tsaya nesa kaɗan, yana duban tayar. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, ni kuma ina haɗiye abin da ke raina saboda Baba.

Ranar da Baba ya rasu, muna zaune a ƙofar gida ana jiran a fito da shi, sai ga farar motar. Ta tsaya. Na ji gurnanin ya ɗauke ɗif. Baffa ya buɗe ƙofa, ya fito, ya tuɓe takalmi yana kuka.

Ashe dama ana iya kashe ta.