Lambun Goggo Mero

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Goggo Mero, ƙanwar mahaifina, a gidanta na Gangara. Labarin ya iske ni a Agiye, ina cikin aji a lakol, wato makaranta.

Goggo, tun da likita ya ce jininki ya hau, ya rage miki gishiri, ya ba ki ƙwayoyi, ya ƙara da cewa cin betarab, jan tushen nan mai kama da dankali, na taimaka wa zuciya, kika riƙe maganar gam. Da farko kin ce ɗanɗanon ƙasa gare ta, ke kuwa ba ki shirya cin ƙasa tun yanzu ba. Daga baya kika gyara lambun marigayi mijinki kusa da rijiya, kika shuka ta. Duk tsohuwar da ke kukan jiri a unguwa, sai ki dafa ki aika mata a kwano, da gargaɗin kada ta bar maganin asibiti. Ranar da aminiyarki Asta ta ci ta ga fitsarinta ya yi ja, ta ɗauka jini ne, ta shige ɗaki tana yafe wa mutane, ke kika je kika yi mata dariya har ta fito. Hannayenki kullum jajir, kina cewa lallen tsofaffi ne.

Mun yi zaman makoki yadda ya kamata. Mutane suka zo a babura da amalanke, makiyaya ma suka zo daga rugage. Ni da ɗanki Muttaka muka karɓi gaisuwa, kuma ba wanda ya zauna bai ambaci lambunki ba. Da yake an san ni da karance-karance, na yi ta bayanin yadda betarab ke sassauta jijiyoyin jini, dattawa na gyaɗa kai. Ƴan gida ba sa fita sai an tashi makoki. Maƙwabta suka ɗauka mun wakilta wani, mu kuma muka ɗauka maƙwabta na lura da lambun. Ƙasar rairayi ce, rana kuma ba ta zauna makoki ba.

Ranar sadakar bakwai Asta ta zo da sandarta, ƙafafu a kumbure. Ta tsaya bakin tabarma ta dube ni.

"Ilyasu, ku da kuka yi ta yabon lambun nan, wa ya ba shi ruwa?"

Muka tashi muka nufi lambun. Da muka je, shukarki ta ƙarshe ta kwanta ta ƙone, tushen bai kai kaurin yatsa ba. Zafi na tafe, ba a sake shuka sai wani sanyin, kuma abin da tsofaffin unguwa za su ci ke nan. Na yi wa Asta alkawarin zan dinga sako musu betarab daga kasuwa duk mako a motar haya. Ta ce ta gode, amma ta riga ta ga yadda muke riƙe amana, in saƙon ya iso ta gani. Har yau na kasa haɗa ido da ita.

Goggo, Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa kowane kwano da kika aika ya tsaya miki ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyya ga ƴaƴanki Muttaka da Rahina da jikoki, da tsofaffin Gangara waɗanda rashin ya fi shafa. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika abin da muka ɗauka.