Firigon Uwar Sani, Kuɗin Uban Sani

Muna cikin sauke ƙaton kwali daga amalanke, maƙwabta sun taru ina ta hura hanci, sai ga mutumin gar, wato tashar mota, ya biyo ni har ƙofar gida. Wai akwai cikon kuɗi, kayan sun wuce awo.

Na ce, "Malam, ai ɗana Sani ya biya tun Yamai. Kaya sun shigo gida sannan za ka tuna da awo?"

Ya ce, "Baba, kuɗin ƙaramin koli, ɗan ƙunshin saƙo, ya biya. Wannan kuwa kowane shingen soja sai mun sauke shi an bincika."

Muna cikin gardama aka farke kwalin. Firigo ne na sanyaya abinci, sabo fil, Sani ya aiko wa uwarsa. Nawa rabon yana ciki: hula ɗaya, ita ma ta matse ni.

Na ce, "To ga mai kaya can, je ta biya ka."

Ya yi dariya. "Sunanka ke jiki, Baba. A gar sai mai karɓa ya faɗi sunan wanda ya aiko. Hajiya za ta faɗi sunan ɗan fari?"

Ita kuwa ko leƙowa ba ta yi ba, sai daga ɗaki ta ce, "Yaron nan ne? Allah shi yi albarka."

Na biya. Ni da nake yawo da sunansa duk Diffa na samu hula, wadda ba ta taɓa faɗinsa ba ta samu firigo.

Iyaye maza, ku faɗa mini gaskiya: in fara alkunya yanzu, ko na makara?