Shekarar da Aka Daina Yankan Shuci

Ranar wata kasuwar 'Yankara ce, bayan an gama kaka, shekara biyu da fitowar naira, wata akori-kura ta sauke bandiran kwano a ƙofar gidanmu. Yayana ne ya aiko da su daga Kaduna, inda yake leburancin gini. Mu yara muka bar langa muka ruga muna leƙa fuskokinmu a jikin kwanon, Baba kuwa yana tsaye yana amsa barka har muryarsa ta dushe. Kafin sati ya zagayo an sauke jinkar ɗakinsa, kafinta ya hau yana buga ƙusa. Kakata Iya kaɗai ta ce a bar mata jinkarta, ita ba za ta kwana a cikin gwangwani ba.

Kafin zuwan kwano, a ƙauyenmu da ke yamma da Ƙanƙara, kowane magidanci na da aiki guda bayan an kai hatsi rumbu: ya wasa lauje ya shiga bakin daji ya yanko shucin yin jinka da gambar saƙa zana. Mai gari kan sa a yi shela cewa kada mafarauci ko mai ɗibar zuma ya kuskura ya sa wuta sai an gama yanka. Mu ne masu ɗauko dammuna a kan gammo bayan an taso daga makaranta, jiki duk ƙaiƙayi. Ba na jin akwai wanda ya taɓa cewa daji yake karewa. Rufin ɗakinsa yake nema. Amma kafin wuta ta tashi an riga an aske ciyawar da ke kewaye da itatuwa, sai ta zo ta lashi abin da ta samu ta mutu.

Ba zan ce kwano kaɗai ya jawo abin da ya biyo baya ba, don an ƙara saran gonaki, masu itace ma sun yawaita. Abin da na gani dai shi ne, a 'yan shekarun da suka biyo baya gidaje suka yi ta ƙyalli, samari suka tafi birni, aka daina shela. Gamba ta tsaya ta fi mutum tsawo, ta bushe a tsaye. Kowane rani wuta kan ci wani yanki, kuma yanzu ba ciyawa kaɗai take ci ba, har kan itatuwa take hawa. Kurmin da muke tsinkar ɗinya ya tafi, sannan marken da ke bayan rafi.

Iya na da wasu kaɗe da ɗorawa a wani kwari, waɗanda ta gada a wajen mahaifiyarta. Da su take man kaɗe da daddawa, da su take tsare mutuncinta ba ta roƙi kowa gishiri ba. Da ta ga wuta na matsowa, sai ta ce wa Baba ya je ya yanke mata ciyawar kwarin. Ya ce shi ba zai ɓata kwanaki kan ciyawar da ba mai saye ba, in abinci ne ai ba ta rasa ba. Da safe ta ɗauki laujensa ta tsaya a kaina.

"Tashi, ragon miji. In kai ma ka ƙi, in sake ka in auri mai lauje."

Haka muka yi ta zuwa, ita tana yanka a duƙe, ni ina ja ina tarawa nesa da gindin itatuwa. Masu wucewa a kan sababbin kekuna sukan tsaya su tambaye ta ko gari guda za ta yi wa jinka. Takan ce i, ta kabarinsu ce. Hannunta ya yi kanta ya fashe, ta shafa man kaɗe ta ɗaure da tsumma. Na roƙe ta mu bari, don ina tsoron maciji, ina kuma tsoron dariyar 'yan ajinmu. Ta ce, "Wuta ba ta san kunya ba, mi zai sa in ji tata?"

Wutar ta zo da azahar, wata rana da iska ke kaɗawa daga gabas. Shirwa muka fara gani suna shawagi a kan hayaƙi, sannan ƙarar gamba tana fashewa kamar ana suyar gyaɗa a babban kasko. Da muka isa kwarin muka tarar Iya ta riga mu, da ɗanyen reshe a hannu. Wutar ta taho da tsawonta, da ta iso inda muka yanke sai ta durƙusa, ta koma rarrafe, muka bi ta da duka. Ban san lokacin da Baba ya iso ba, sai ganinsa na yi a gefena yana bugu, babbar rigarsa ta ƙone a hannu. Gefen da ba mu kai ga yankewa ba ya tafi, har da ɗorawar da ta fi kowace 'ya'ya. Sauran suka tsira. Da kaka ta zagayo, Baba ya wasa lauje biyu.

Yanzu nakan ga ana rubuta yawan dajin da ƙasar nan ke asara ga wuta, kuma ina jin nauyin maimaita lissafin da ban auna da kaina ba. Ma'aunina ƙarami ne, mai yiwuwa ma da kuskure: da, daga bayan makaranta ake shiga inuwa, yau sai an hau babur kafin a ga itacen da za a fake. A tsakanin nan kwarin Iya ne kawai ya rage da duhun ganye. Ta daɗe da rasuwa, Baba ma haka, hanyar gida kuma ba kullum take biyuwa ba. Duk da haka in damina ta ɗauke nakan nemi hutu in tafi, in yanka iya abin da hannun ɗan boko zai iya, ƙannena su ƙarasa suna yi mini dariya. Ban san ko za mu riƙe kwarin har abada ba. Bana dai an yanke.