Ƙwayoyin Balkisu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar 'yata Balkisu. Da ana janye magana, da na janye wasan da na yi da sunanta.

Ni mai tsire ne a unguwar New Bell, hayaƙi ya cinye mini ƙirji tun tana ƙarama. Ita ta yi karatu mai zurfi, tana aiki a ɗakin binciken magani. Wata rana na tambaye ta me take yi a can.

Ta ce, "Baba, ƙwayoyi nake haɗawa."

Ta yi mini bayani: wata irin roba ce mai narkewa a jiki, ana naɗe magani a ciki, a yi ƙwayoyi ƙanana har ido ba ya gani. Sai ta haska musu haske ta auna girmansu, don a san yadda za su isa can cikin huhu in an shaƙa. Rabin bayanin da Faransanci ta yi. Ban gane ba, kuma na ji kunyar in ce ban gane ba.

Sai na kai maganar bakin tukuba. Na ce wa abokaina, "Mun kai yarinya boko, ta dawo tana haɗa ƙwaya!" Aka yi dariya. Na san sarai ba ƙwayar 'yan maye take nufi ba, amma dariyar ta yi mini daɗi. Kafin sati unguwa ta ɗauka: Balkisu Mai Ƙwaya. Mata na faɗa a gidan biki. Ta rage zuwa gida, ta zauna can unguwar Bonamoussadi, nesa da mu. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, ni ma ban nemi afuwarta ba, har ciwon kwana uku ya ɗauke ta.

Bara likita ya ba ni maganin shaƙa. Ya ce, "Baba, ja da kyau, yawancinsa a maƙogwaro yake tsayawa." Abin da Balkisu take ƙoƙarin gyarawa ke nan, kuma tarin wa ta tashi tana ji in ba nawa ba?

Da tana nan, na san cewa za ta yi, "Baba, riƙe numfashi, ƙirga goma." Abokan aikinta sun ce suna ci gaba daga inda ta tsaya. A unguwa kuwa, sunan da na laƙa mata ne ya rage.

Don Allah, in ɗanku ya faɗi abin da ba ku gane ba, ku ce ya sake faɗa. Wanda ya san ta kuma, ya kira ta Balkisu kawai. Allah ya jiƙanta.