Batirin Kilo Biyu

Wata rana, a wani gari da ba sai na kama suna ba, wani saurayi mai suna Nazifi ya shigo garejin yayansa riƙe da batirin mota a hannu ɗaya, yana lilo da shi kamar ledar burodi.

Yayan nasa, Tasi'u, mai gyaran wutar mota ne. Shekara ashirin yana cikin sana'ar, kuma duk wata waya da ke jikin motar tseren Nazifi shi ya ja ta da hannunsa.

Shi kuwa Nazifi tsere ya ɗauka rayuwa. Duk ƙarshen wata samarin garin kan haɗu a wani tsohon filin jirgi da aka daina amfani da shi, a jera tsofaffin tayoyi a fitar da hanya, a yi zagaye goma. Sau uku a jere yana zuwa na biyu, kuma kowane karo tazarar ba ta wuce tsawon mota ɗaya. Abin ya tsaya masa a rai har ya fara ramewa.

Sai wani ya hure masa kunne, wai nauyi ne ke cin sa.

Daga ranar mota ta shiga uku. Ya cire kujerun baya, ya cire ta gefen direba, ya ɓalle rediyo, ya yaye kafet, har murfin akwatin takardu bai tsira ba. In ka leƙa ciki sai ƙarfe tsirara da kujera ɗaya.

Tasi'u yana kallo ya ƙyale shi, don duk wannan ba ya kisa.

Da aka zo kan batir ne hankalinsa ya tashi.

Batirin da ke cikin motar kilo goma sha takwas ne. Mai shagon da Nazifi ya je wurinsa ya nuna masa marasa nauyi guda biyu. Ɗaya kilo shida, an yi shi don inji irin nasa. Ɗayan kilo biyu, na manyan babura ne, kuma mutumin bai ɓoye masa ba.

Nazifi ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, ya ɗauki ƙaramin.

Jama'a, kilo huɗu ne fa tsakaninsu. Kilo huɗu! Wallahi ko ni da ban san kan mota ba, abin ya ba ni haushi.

Tasi'u yana da wata al'ada da duk masu kawo masa aiki suka sani. Ba ya yarda da batir don ya tada mota da safe tana sanyi. Sai ya bar inji ya yi ta aiki har ya ɗau zafi sosai, fanka ta kama, sannan ya kashe ya tayar sau uku a jere. In batir ya ci wannan jarrabawa, to ya ci. In ya faɗi, ko na waye sai ya sauke shi.

Haka ya yi wa na ƙanensa. Da sanyi, bugu ɗaya ta tashi, Nazifi har da tafi. Da ta yi zafi, karon farko ta ja da ƙyar kamar mai ciwon ƙirji, sannan ta kama. Karo na biyu ya murɗa makulli, sai ƙas, ƙas, shiru.

Tasi'u ya zare makullin ya juyo.

"Nazifi, wannan ba ya tada ta da zafi. In ta mutu maka a tsakiyar hanya, motoci na bayanka fa?"

"Haba Yaya, wa ke kashe mota a tsere? In ma ta ƙi tashi a tura ta mana, yau aka fara?"

Kun ji inda gizo ke saƙa wa irinmu. Mun taso muna turin mota, a tasha a tura, a ƙofar masallaci a tura, a gidan biki a tura. Har mun ɗauka mota ta ƙi tashi ba matsala ba ce, tunda kullum akwai majiya ƙarfi a kusa.

Tasi'u ya ce ba zai ɗaura ba. Nazifi ya ce shi ke nan, ba komai, zai kai wa wani a bakin kasuwa. Ya ƙara da cewa shi dama ya lura, duk abin da zai kai shi gaba Yaya sai ya samo masa aibu.

Wannan maganar ce ta soki Tasi'u. Shi ya koya wa yaron nan tuƙi, shi ya haɗa masa motar tun tana gangar jiki, yau kuma a ce yana masa baƙin ciki? Ya kuma san in aka kai bakin kasuwa, da igiyar roba za a ɗaure batirin a ce an gama. Sai ya fara lallashin kansa. Zagaye goma ne kawai. Yaron ya iya tuƙi. Daga wannan karon zai tilasta masa ya canja.

Ya ɗauko sifana ya ɗaura batirin, ya ɗaure shi tam, aiki mai kyau irin nasa. Zuciyarsa ba ta kwanta ba ko na minti ɗaya.

Ranar tseren Asabar ce, da hantsi an ɗan yi ruwa, zuwa la'asar gari ya washe amma ƙasa da sauran danshi.

Tasi'u bai zauna cikin 'yan kallo ba. Ya taka har wata kwana da ake kira Kwanar Tudu, inda aka tara jar ƙasa a gefe ta yi tsibi, mai shigowa ba ya ganin abin da ke gabansa sai ya gama karyawa. Ya san in za a yi ɓarna, a nan za a yi ta. Ya tsaya yana ta addu'a motar nan kada ta mutu.

Aka tashi. Nazifi ya fita kamar an harbo shi. Zagaye na uku yana gaba, na biyar yana gaba, na bakwai ya ba na biyu tazara mai kyau. Fili ya kaure da kiran sunansa. Shi kansa Tasi'u sai da ya ji wani daɗi ya ratsa shi, ya ce a ransa wataƙila dai tsoronsa ne ya yi yawa.

A zagaye na takwas, tayar baya ta taka laka a Kwanar Tudu. Motar ta juya sau ɗaya da rabi ta tsaya a gicciye, ƙofar direba tana kallon inda motoci ke fitowa. Inji ya mutu.

Babu abin da ya sami Nazifi, ko ƙwarzane. Abin da ake buƙata kawai motar ta tashi ya gyara ta ya wuce.

Daga inda yake tsaye Tasi'u ya ji ƙarar da ya sani. Ƙas, ƙas.

Ya kwasa da gudu. Yau in ka tambaye shi, ya san abin da ya kamata ya yi. Ko dai ya fizgo yaron daga ciki, ko ya haye tudun ya ɗaga wa masu zuwa hannu. Amma Nazifi na ihu a tura, a tura, shi kuma hannunsa ya saba, sai ga shi a bayan mota ya dafa but yana turawa iya ƙarfinsa. Silifas ɗinsa na zamewa a laka. Motar ta motsa kamar taku ɗaya.

Motar farko ta ɓullo, direban ya gani ya kauce da ikon Allah. Ta biyu tana manne da ita a baya, direbanta bai ga komai ba sai ƙofar Nazifi.

Tasi'u ya farka a gefen hanya da karyayyen hannu. Nazifi kuwa ba a kai asibiti da shi da rai ba.

Ranar sadakar uku, mahaifiyarsu ta aika a kira mata Tasi'u. Tsohuwa ce mai haƙuri, tun da abin ya faru ba wanda ya ji ta ɗaga murya. Ya shiga da hannu a saƙale a wuya, ya durƙusa a bakin tabarmarta. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ɗago.

"Tasi'u, kai ka duba masa motar nan kafin ya hau?"

"Ni na duba, Inna."

"To alhamdulillahi. Tunda kai ka duba, hankalina ya kwanta. Kwanansa ne ya ƙare."

Ta sa masa albarka, ta ce ya tashi ya je ya huta. Ya fito tsakar gida, ya zauna a dandaryar ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Mata suna ta ba shi haƙuri, suna cewa kukan rashin ɗan'uwa ne. Har yau bai iya gaya wa Inna gaskiyar maganar batirin ba.

Darasi: In ka san abu zai cutar da naka, kuma a hannunka yake, ka ƙi, ka tsaya a kan ƙin. Ya yi fushi, ya ce kana masa baƙin ciki, ya daina gaishe ka wata guda, duk za ka iya ɗauka. Kai kuma mai gaggawar zuwa na ɗaya, kafin ka rage wa kanka kaya ka tambayi wanda ya sani wanne ne za ka nema ranar da abu ya tsaya maka ba kowa kusa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Tura wannan ga ƙanenka mai taurin kai, ka kuma tura wa yayan da ke jin nauyin ce masa a'a.